Tarihin Nana Asma'u 'Yar Shehu, Uwar Gari

Macen da aure ya kawo ta Zangon Agege, ko Idi-Araba, ko Obalende, ta san zafin haihuwa nesa da gida, babu uwa babu gwaggo, balle mai dafa mata ruwan jego. Irin waɗannan mata ne Nana Asma'u ta ƙare rayuwarta tana yi wa hidima.

An haifi Nana Asma'u a Ɗegel cikin shekarar 1793, ita da tagwaininta Hassan. Mahaifinta shi ne Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. Mahaifiyarta Maimuna ta rasu tun tana ƙarama, sauran matan Shehu suka riƙe ta. Tana da shekara 11 aka yi hijira zuwa Gudu a 1804, ta ga yunwa da yaƙi da idonta. Daga baya aka aurar da ita ga Giɗaɗo ɗan Laima, wanda ya zama Wazirin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Ta haddace Alƙur'ani, tana kuma rubutu da Larabci da Fillanci da Hausa.

Da ƙurar jihadi ta lafa, sai ƙasa ta cika da matan da mazansu suka mutu, da waɗanda aka kamo aka raba da danginsu. Yawancinsu ba su da karatu, in ciwo ya sami mace ko ɗanta sai a tafi wurin 'yan bori. Nana ba ta tsaya ga hani kaɗai ba. A shekarar 1839 ta rubuta littafin Tabshirul Ikhwan, inda ta tattara surori da addu'o'in da ake karantawa don neman sauƙin cuta, da na mai ciki da mai naƙuda.

Amma babban aikinta shi ne ƙungiyar 'Yan Taru. Ta zaɓi dattijan mata masu hankali daga ƙauyuka, ta naɗa kowace jaji, watau shugaba, ta ba ta malfa da jan rawani. Jaji takan jagoranci 'yan mata da tsofaffi zuwa wurin Nana, su koyi waƙoƙin da ta tsara a kan tsarki da salla da zaman aure, sa'an nan su koma su koya wa matan aure a cikin gidajensu. Su ne kuma masu jinyar marasa lafiya da yi wa mata wankan gawa. Kyautar hatsi da zuma da zare da suke kawo mata kuwa, sai ta rarraba wa mabukata. Saboda haka aka riƙa kiranta Uwar Gari.

Allah ya yi mata rasuwa a 1864, aka binne ta a Hubbaren Shehu a Sakkwato. Ƙanwarta Maryam ta ci gaba da riƙon 'Yan Taru.

Dabarar Nana ita ce a kai ilmi har ɗakin mace, ta bakin wata mace da ta yarda da ita. Yau akwai asibiti da awon ciki da allurar rigakafi a Ikko, amma amaryar da ba ta jin Yarabanci ba za ta je ba sai an sami dattijuwar da za ta ce mata tashi mu tafi. Kowace unguwar Hausawa tana bukatar jajinta.

Allah ya jiƙan Nana, ya sa aljanna ce makomarta, amin.