Dokta Du Bois: Malamin Da Aka Hana Wa Kujera

Jama'a, yau za mu kawo muku tarihin marigayi Dokta W.E.B. Du Bois, baƙar fatan Amurka wanda ya ƙare rayuwarsa wajen neman 'yancin 'yan'uwansa.

An haife shi a Jihar Massachusetts cikin 1868. A 1895 ya zama baƙin mutum na farko da ya sami digirin dokta a Jami'ar Harvard. Amma duk da wannan ilmi, da Jami'ar Pennsylvania ta ɗauke shi aiki a 1896, matsayin ɗan taimako kurum ta ba shi saboda launin fatarsa. Bai karaya ba. Ya bi gida gida a birnin Filadelfiya yana tambayar baƙaƙe halin da suke ciki, ya wallafa littafi a 1899 yana nuna cewa wariya da hana aiki ne tushen talaucinsu.

A 1909 yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar NAACP mai kare haƙƙin baƙaƙe. A 1960 ya zo nan Ikko wajen bikin naɗa Dokta Azikiwe Gwamna-Janar. Daga baya Nkrumah ya gayyace shi Gana, ya rasu a Ankara ran 27 ga Agusta, 1963, yana da shekara 95.

Sai a 2012 Jami'ar Pennsylvania ta naɗa shi farfesa na girmamawa, bayan shekara 49 yana kabari. Gaskiya dai ko ta daɗe sai ta yi halinta.