Karel Capek: ɗan jaridar da ya raɗa wa mutum-mutumi suna

Duk fim ɗin da mutum-mutumi ya juya wa maƙerinsa baya, har Terminator na 1984, jikan wani wasan kwaikwayo ne da Karel Capek, haifaffen 1890, ya wallafa a Chekoslobakiya a 1920.

A wasan, mai suna R.U.R., wani kamfani ne ke ƙera ma'aikata marasa albashi, har ranar da suka yi tawaye suka ƙarar da 'yan Adam, sai mutum ɗaya. Daga nan kalmar robot ta bazu a duniya. Yayansa Josef, mai zane, shi ya zaɓo masa ita daga sunan aikin tilas da talakawa ke yi wa masu gonaki. Masu shirya finafinai sun riƙe kisan, sun saki batun ƙwadagon.

A jaridar Lidove noviny, Capek ya yi ta caccakar 'yan Nazi, ya kuma ƙi gudun hijira. Ciwon huhu ya yi ajalinsa ranar 25 ga Disamba, 1938. A watan Maris 'yan Gestapo suka zo kama shi, ba su san an binne shi ba. Josef ya rasu a sansanin Bergen-Belsen a 1945.