Jim Reeves: Mawaƙin da Faifansa Ya Ci Kasuwa Bayan Mutuwarsa

Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini, domin in raba wata gardama da ta kaure a teburin mai shayi ranar kasuwarmu. An sa waƙar Jim Reeves a rediyo, sai wani ya rantse wai mutumin yana nan da ransa. To jama'a, ya haura shekara 60 da mutuwa.

An haife shi ran 20 ga Agusta 1923 a ƙauyen Galloway, jihar Texas ta Amurka. Ɗan manoma ne kamar mu, kuma mahaifinsa ya mutu tun yana jariri. Da ya tasa ya shiga wasan besbol, wanda ake dukan ƙwallo da sanda, amma rauni a ƙafa ya raba shi da wasan. Bai zauna ya rungume hannu ba, ya nemi aikin sanarwa a gidan rediyo, daga nan ya kama waƙa irin ta mutanen karkarar Amurka.

A can, mujallar Billboard tana jera waƙoƙi duk mako bisa yadda suke samun ciniki da yadda ake sa su a rediyo. A 1953 waƙarsa "Mexican Joe" ta zo ta ɗaya a jerin waƙoƙin karkara. A 1955 kamfanin RCA ya ɗauke shi. A 1960 kuwa "He'll Have to Go" ta yi mako 14 tana kan gaba. Har Afirka ta Kudu ya je wasa a 1962.

Ran 31 ga Yuli 1964, yana tuƙa ɗan ƙaramin jirgin sama, hadari ya rutsa da shi kusa da birnin Nashville. Jirgin ya faɗi, ya mutu tare da makaɗinsa Dean Manuel. Shekararsa 40 kacal.

Abin mamakin shi ne, ya bar waƙoƙi da yawa a ajiye waɗanda ba a fitar ba. Matarsa Mary ta adana su, ita da kamfanin suka riƙa fitarwa kaɗan-kaɗan, kamar mai ɗibar hatsi a rumbu. A 1966 aka fitar da babban faifai mai suna "Distant Drums". Waƙoƙi 3 na cikinsa sun zo na ɗaya a jerin na karkara: "This Is It" da "Is It Really Over?" a 1965, sai ita "Distant Drums" ɗin a 1966, wadda har a Ingila ta yi mako 5 tana ta ɗaya. Shi ya sa wasu ke zaton yana raye.

'Yan'uwana manoma da 'yan tireda, ni abin da na tsinta ke nan: da ba a adana aikin nan ba, da ya bi mai shi. Mu nawa ne iyalinmu suka san inda takardar gonarmu take, ko littafin bashin da muke bin mutane? In ta Allah ta kasance, sai marayu su tashi a tutar babu. Don Allah mu gyara tun muna da rai.



Naku,
Manomi kuma ɗan tireda,
daga Malumfashi, Jihar Katsina.