Bob Wills, Mai Gogen da Ya Ƙi Ɓoye Ganga

An haifi Bob Wills a jihar Texas ta Amurka ranar 6 ga Maris, 1905, a gidan da gogen Turawa ya zama gado. A gonakin auduga ya tashi, yana sauraron waƙoƙin baƙar fata, kuma amonsu bai taɓa barin gogensa ba. Ya yi sana'ar aski kafin ya kafa ƙungiyar Texas Playboys, ya kuma tsara San Antonio Rose.

A 1944, a dandalin Grand Ole Opry da ke ƙyamar ganga, an nemi ya ɓoye makaɗinsa bayan labule. Ya ƙi, aka kaɗa a bainar jama'a.

Shanyewar jiki ta kwantar da shi a Disambar 1973, ana tsakiyar naɗar faifansa na ƙarshe. Ya rasu ranar 13 ga Mayu, 1975.