Abdulkarim Barth (1821–1865) da Zanen Kano Daga Dutsen Dala

Duk mai nazarin tarihin Kano ya san zanen nan da ke nuna birnin daga kan Dutsen Dala, da soraye da bukkoki da itatuwan dabino. Asalin zanen daga hannun Heinrich Barth ya fito, Bajamushen da ya kira kansa Abdulkarim a ƙasashen Musulmi.

An haife shi a Hamburg ranar 16 ga Fabrairu, 1821. Ya yi karatu a Jami'ar Berlin, ya kuma koyi Larabci. A 1850 ya tashi daga Tarabulus tare da James Richardson da Adolf Overweg, a tafiyar da gwamnatin Ingila ta ɗauki nauyinta. Abokan nasa biyu duk sun rasu kafin tafiyar ta ƙare. Shi kuwa ya biyo ta Katsina da Kusada da Bichi, ya shiga Kano ranar 2 ga Fabrairu, 1851, zamanin Sarki Usman ɗan Ibrahim Dabo. A wannan watan ne ya hau Dala ya zayyana abin da idonsa ya gani.

Sai dai hoton da ya yaɗu a duniya ya bi ta hannu biyu. Johann Martin Bernatz, mai zane a Munich, wanda bai taɓa taka ƙasar Hausa ba, shi ya gyara zayyanar don bugun dutse a littafin tafiyar Barth mai juzu'i biyar, na 1857 zuwa 1858. Turai kuwa ta daɗe da al'adar zana birane daga nesa, kamar yadda aka buga hoton Bruges ta ƙasar Flanders a 1572. Don haka wajibi ne manazarci ya auna zanen da rubutun Barth kafin ya kafa hujja da shi.

Rubutun ya fi zanen faɗi. Barth ya kiyasta mazauna birnin da 30,000, adadin da kan ninka a lokacin fatauci, ya kuma ce tufafin da Kano ke fitarwa a shekara sun kai na wuri miliyan 300. Ya lura cewa a cikin gidaje ake wannan sana'a. Auduga da baba da hatsin da suka riƙe ta kuwa daga karkara suke zuwa, irin wadda ya ratsa a wajejen Bichi, inda gona ke bin gona, ya kuma lissafa ta cikin ƙasashe mafi albarka a duniya. Manoman nan, 'ya'ya da bayi, ba su fito a zanen ba.

Bayan Kukawa da Sakkwato da Gwandu da Tambutu, ya sake biyowa ta Kano a 1854, ya isa Landan a 1855 tare da Dorugu da Abbega. Daga bakin Dorugu ne J. F. Schön ya samo labaran da ke cikin Magana Hausa. Barth da kansa ya wallafa kalmomin harsunan Afirka ta Tsakiya, har da Hausa, daga 1862. Ya rasu a Berlin ranar 25 ga Nuwamba, 1865, yana da shekara 44.