Sarkin Kano Muhammadu Rumfa

Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, Allah Ya jiƙansa, ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. Littafin Tarihin Kano ya lasafta abubuwa 12 waɗanda shi ya fara su. Daga ciki akwai Gidan Rumfa, wanda har yanzu shi ne fada, da Kasuwar Kurmi, da majalisar Tara ta Kano.

Duk da wannan basira, bai yarda ya dogara ga ra'ayinsa kaɗai ba. Da Shehu Magili, mutumin Tilimsan, ya sauka Kano, sai Sarki ya nemi ya rubuta masa wajiban masu mulki, kamar tsai da adalci da tsare dukiyar jama'a. Allah Ya ba shugabanninmu ikon koyi da shi, amin.