Lee de Forest, Mai Ƙwan Ƙara Murya

An haifi Lee de Forest a Amurka cikin 1873. Ubansa fasto ne, shugaban kwalejin baƙar fata a Talladega.

Cikin 1906 ya ɗauki ƙwan gilashi irin na Fleming, mutumin Ingila, ya sa 'yar lanƙwasasshiyar waya tsakanin zaren da ke zafi da farantin da ke karɓar lantarki. Wuta kaɗan a wayan nan ta kan sarrafa wuta mai yawa, sai ƙaramar murya ta zama babba.

Amma fa bai gane aikin hannunsa ba. Ya zaci sauran iskar da ke cikin ƙwan ita ke aiki, alhali kuwa ita ce cutar. Da an ƙara wuta sai ƙwan ya yi shuɗi, murya ta shaƙe. Harold Arnold ne ya zuƙe iskar sarai, har tarho ya ƙetare Amurka daga gabas zuwa yamma cikin 1915. Duk wanda ya taɓa zama nan Jos, garin kuza, yana liƙe wayoyin akwatinsa da dalma, ya san shuɗin nan: iska ta shiga, sai sabon ƙwai.

Shari'arsa da Armstrong ta kai 1934. Kotu ta ba shi gaskiya, masana ba su yarda ba. Ya rasu cikin 1961.